Yabon Gwani da Ladan Gwani: Tsohuwar Gardama Daga Filin Rumde Ajiya

Duk wanda ya saba zama majalisun Garwa da yamma, daga Hausare zuwa Yelwa, ya san akwai gardamar da ba ta tsufa. Da zarar shayi ya zagaya, sai wani ya tayar da ita: wane ne gwanin gwanayen ƙwallon ƙafa da arewacin Kamaru ta taɓa fitarwa? Matasa su ce Vincent Aboubakar, babu ja. Dattawa su girgiza kai, su ambaci waɗansu sunaye da matasan ba su taɓa ji ba, mutanen da suka buga tamaula a cikin ƙura tun kafin a kafa Coton Sport. A watse kowa na kan bakansa, domin dama inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Akwai kuma tambaya ta biyu da ba kasafai muke yin ta ba: waɗannan da muke gardama a kansu, me suka samu a lokacin da ƙafarsu ke da ƙarfi? Tarihin wasanni a garinmu da ƙasarmu, har ma da ƙasashe masu nisa, ya nuna cewa tambayoyin nan biyu tagwaye ne. Al'ummar da ta raba yabon gwani da ladansa, ƙarshenta takan rasa gaskiyar yabon, ta kuma ci amanar gwanin.

Mu fara daga gida. Kakanninmu da fatauci da malanta da sana'a suka kawo su ƙasar Adamawa da bakin Binuwai sun zo da wasanninsu, musamman dambe da kokawa. Bayan kaka, idan amfanin gona ya shiga rumbu, sai a share fage. Dambe a asali wasan mahauta ne, kalangu ke kiransu, su bi gari gari suna neman abokin karawa. Abin lura a wannan tsari shi ne yadda yabo da lada suke zuwa lokaci guda. Ɗan dambe ya yi kisa, makaɗi ya wasa shi, masu kallo su shigo fage su yi masa kari a gaban idon kowa. Kafin ya kwance zaren hannunsa ya san abin da ya samu. Makaɗin ma da nasa rabon, domin shi ne ma'ajin suna. Shago da Ɗandunawa sun daɗe da barin fage, amma waƙar Ɗan Anace ta sa har yau yaron da bai taɓa ganin ƙasar Sakkwato ba ya san su. Waƙa ita ce gidan tarihin gwanayenmu, kuma sharaɗin shiga cikinta a bayyane yake: a gan ka a fage, ka kayar, jama'a su shaida.

'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗauki wannan gado sun ba shi tsarin hukuma. Tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, inda sarkin kokawa ke karɓar takobi tare da kuɗi da kyaututtuka. Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake amsawa. A zamaninmu Issaka Issaka na Doso ya ɗauke shi fiye da kowa. A can, suna da lada sun ci gaba da tafiya tare kamar yadda aka gada.

Ƙwallon ƙafa kuwa da wani tsari daban ta zo mana. A cikinta mai kallo yana biya a bakin ƙofa, kuɗin ya bi ta hannun ƙungiya da hukuma, ɗan wasa ya jira abin da za a ba shi. Tsakanin gumi da lada sai aka samu tazara, kuma a cikin wannan tazarar yawancin labaran baƙin ciki suka faru.

Shekaru da dama bayan samun 'yanci, kofin ƙasa bai san hanyar arewa ba. Ƙungiyoyin kudu ke juya shi, irin su Oryx da Union na Duwala, da Canon da Tonnerre na Yawunde. A 1986 aka kafa Coton Sport a Garwa a ƙarƙashin inuwar SODECOTON, kamfanin audugar da aka kafa a 1974 mai hedikwata a nan garin. A 1997 ta ci gasar ƙasa karon farko, ta maimaita a 1998, daga 2003 zuwa 2008 kuma ta riƙe kofin shekara shida a jere. Yau ta ci shi fiye da sau 15, ta wuce Canon da a da ake ganin babu mai kamo ta. Masu bin ƙwallon ƙasar nan sun san sirrin bai wuce tsari ba: ƙungiya ce mai uwa a gindin murhu, tana da filin horo, tana renon yara, kuma ɗan wasa yana da tabbacin albashi fiye da yadda aka saba gani a wurare da yawa. Wannan ne ya jawo gwanaye daga kudu da maƙwabta, ciki har da 'yan Nijar irin su mai tsaron gida Kassaly Daouda da ɗan gaba Kamilou Daouda. Ya kamata mu tuna kuma cewa ƙarfin kamfanin daga gonakin auduga yake fitowa, wato manomin da bai taɓa shiga filin wasa ba yana da hannu a kowane kofi.

A 2003 Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na Kofin CAF, Raja ta Kasablanka ta rinjaye ta. A Nuwamban 2008 ta kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Afirka. Al Ahly ta ci ta 2 da 0 a Alƙahira, aka zo Rumde Ajiya aka tashi 2 da 2, kofi ya tafi Masar. Waɗanda suka shaida wannan rana ba su manta ta ba. To amma mu tambayi kanmu: mutum nawa ne a cikinmu zai iya lissafa 'yan wasa goma sha ɗayan da suka tsaya a filin? Ina bangon da aka rubuta sunayensu? Wane mawaƙi ne ya adana su?

Sunayen da suka tsira a bakinmu su ne na waɗanda suka tsallaka teku. Jacques Zoua ya tafi Basel ta Suwizalan, Aboubakar ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010, Edgar Salli ya tafi Monaco, Ambroise Oyongo ya tafi Amurka. Su huɗun duka suna cikin tawagar da ta ɗauko Kofin Afirka a Gabon a 2017, kuma Aboubakar ne ya ci ƙwallon da ta karya Masar ana dab da tashi, aka ƙare 2 da 1. A gasar da aka yi a ƙasarmu a farkon 2022, wadda Rumde Ajiya ta karɓi baƙuncin rukunin Najeriya da Masar, shi ya fi kowa cin ƙwallo da guda 8. A ranar 2 ga Disamba 2022 a Ƙatar ya zura wa Brazil ƙwallon da ta sa Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta doke ta a Gasar Cin Kofin Duniya, ya tuɓe riga don murna, alƙali ya kore shi. Yabon gwani ya zama dole. Sai dai idan ma'auninmu shi ne wanda Turai ta saya, to mun bar kasuwar wasu tana zaɓa mana gwanayenmu. Wanda ya yi shekara goma yana tsare gida a Garwa, ya ci kofi bayan kofi, bai kamata ya ɓace ba don kawai dillali bai zo da takardarsa ba.

Tarihin ƙasar nan cike yake da misalin yabo mai yawa da lada mai jinkiri. Samuel Mbappé Léppé, wanda ake wa laƙabi da Marshal, shi ya jagoranci Oryx ta Duwala ta ɗauki kofin zakarun Afirka na farko a 1965. Ya rasu a 1985 ba tare da ya tara abin duniya ba, filin wasa na unguwar Akwa ya gaji sunansa. A ranar 8 ga Yuni 1990 Zakunan Kamaru suka doke Ajantina mai riƙe da kofin duniya da ci 1 da 0 a Milan, suka kai zagayen 'yan takwas, inda Ingila ta fitar da su 3 da 2. Babu ƙasar Afirka da ta taɓa kai wannan matsayi kafinsu. Aka yi wa 'yan wasan 22 alkawarin gidaje. Alkawarin bai cika ba sai a 2020, bayan shekara 30, lokacin da uku daga cikinsu sun riga sun kwanta dama: Louis-Paul Mfédé, Benjamin Massing, da kyaftin Stephen Tataw, wanda ya rasu 'yan makonni kafin a bayar da umarnin miƙa gidajen. Wanda ya san wannan labari ba zai yi mamakin abin da ya faru a Yunin 2014 ba, da 'yan wasa suka ƙi hawa jirgin zuwa Brazil sai an daidaita maganar kuɗinsu. Da yawa daga cikinmu mun zarge su da kwaɗayi a lokacin. Mai yiwuwa akwai laifinsu, amma sun ga abin da ya sami magabatansu, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wannan a saman bene ke nan. A ƙasa kuwa, ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa ta SYNAFOC, ƙarƙashin tsohon ɗan wasa Geremi Njitap, ta sha fitowa tana kokawa kan 'yan wasan gasar cikin gida da ke bin bashin albashi na watanni.

Kada mu ɗauka wannan ciwo namu ne kaɗai. A Amurka, inda kuɗin wasanni ya fi na ko'ina, sun fi shekara ɗari suna wannan gardama, kuma akwai darasi a cikin tasu. Suna da wani wasa da ake kira besbol, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki. A garin Cooperstown na jihar New York sun gina Zauren Gwanaye na wasan, aka zaɓi rukunin farko a 1936, aka buɗe ginin a 1939. 'Yan jaridar da suka daɗe suna bin wasan su ke jefa ƙuri'a, kuma sai mutum ya sami kashi 75 cikin ɗari kafin a rataya allonsa. Ƙa'idar ta ce a duba bajinta, a kuma duba hali da riƙon amana. A nan rigima take. Pete Rose ya fi kowa yawan bugun da ya yi nasara a tarihin wasan, har 4,256, amma a 1989 aka haramta masa wasan saboda caca, ya rasu a 2024 bai shiga zauren ba, sai a 2025 aka ɗage haramcin. Barry Bonds ya fi kowa yawan bugun da ke fitar da ƙwallo bayan fili, sau 762, amma zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya sa a shekararsa ta ƙarshe a gaban 'yan jarida, 2022, ya tsaya a kashi 66. Wasu na cewa zaure gidan tarihi ne, dole a sa duk wanda ya yi fice. Wasu na cewa wurin girmamawa ne, ba kowa ke shiga ba. Akwai kuma waɗanda ke tunatar da su cewa gwanayen baƙar fata da wariyar launi ta tsare a gasarsu ta daban sun jira har 1971 kafin a shigar da na farkonsu a kan wannan matsayi, Satchel Paige. Ashe masu auna halin wasu su ma suna da nasu tabon.

Ɓangaren lada ya fi wannan ban tausayi. An daɗe ana riƙe da aƙidar cewa ɗan wasa na gaskiya ba ya karɓar kuɗi. Da ita aka ƙwace lambobin zinare biyu da Jim Thorpe ya ci a gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, don an gano ya taɓa karɓar 'yan kuɗi kaɗan a wasan besbol. Ya rasu a 1953, aka mayar masa da matsayinsa a 1982. Jami'o'in Amurka kuwa suna cika filaye masu ɗaukar dubun dubatar mutane, gidajen talabijin na biyan maƙudan kuɗi, masu horarwa na kwasar miliyoyin daloli, ɗalibin da ke karya gwiwa a fili kuma an ce tallafin karatu ya ishe shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Reggie Bush ya ci babbar lambar ɗalibai ta Heisman a 2005, ya rabu da ita a 2010 saboda an ce shi da iyalinsa sun karɓi kyaututtuka. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci baki ɗaya a kan hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, daga 1 ga Yuli na shekarar aka yarje wa ɗalibai cin moriyar sunansu da hotonsu. A 2024 aka mayar wa Bush lambarsa. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun kimanin dala biliyan 2.8 ga tsofaffin ɗalibai, aka kuma ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye. Abin da jiya aka kira zubar da mutunci, yau an gane haƙƙi ne da aka danne. Wato ma'aunin hali da aka kori mutane da shi, wani lokaci dokar masu riƙe da asusu ce aka yi wa ado.

Mu dawo Garwa, domin muna da namu babban gwajin ma'auni a kan mutumin da ya fi kowane ɗan garin nan tasiri a wasannin duniya. Marigayi Issa Hayatou, ɗan gidan sarautar Garwa, an haife shi a 1946. Ya fara da gudun mita 400 da 800, ya koyar da motsa jiki, sannan ya shugabanci hukumar ƙwallon Afirka ta CAF daga 1988 zuwa 2017. A zamaninsa gasar Kofin Afirka ta tashi daga ƙasashe 8 zuwa 16, gurbin Afirka a gasar duniya ya tashi daga 2 zuwa 5, aka kuma yi gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2010. Ya riƙe FIFA na wucin gadi daga Oktoban 2015 zuwa Fabrairun 2016. A ɗaya hannun, kwamitin Olamfik na duniya ya tsawata masa a 2011 kan wasu kuɗi da aka karɓa daga kamfanin ISL, waɗanda ya ce na bikin cika shekarun CAF ne. Mutane da yawa ba su yafe wa CAF dakatarwar da ta yi wa Togo a 2010 ba, bayan harin da aka kai wa motar 'yan wasanta a Kabinda, ko da yake an janye hukuncin daga baya. FIFA ta dakatar da shi shekara guda a 2021, kotun wasanni ta duniya ta soke dakatarwar a 2022. Ya rasu a Paris ranar 8 ga Agusta 2024, aka kawo shi gida aka binne. Idan da muna da zauren gwanaye, babu shakka yana ciki. Tambayar ita ce me za mu rubuta a ƙarƙashin hotonsa. A ganinmu a rubuta duka, aikin da zargin da hukuncin da ya biyo baya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma girman da ba zai jure gaskiya ba bai kai a kira shi girma ba.

Daga wannan tarihi muna ganin ma'auni uku sun ishe mu. Na farko, abin da mutum ya yi a fili, gwargwadon zamaninsa da abin da ke hannunsa, ba farashin da aka saye shi ba. Na biyu, abin da ya bari a baya: yaran da ya horar, ƙofar da ya buɗe, unguwar da ya ɗaga. Wannan zai ba malamin wasanni na makaranta da mai horar da yara a filin unguwa damar zama sahu ɗaya da taurari. Na uku, a faɗi laifi inda aka tabbatar da shi, amma kafin a kori mutum don ya karɓi kuɗi ko ya yi bore a kansu, a fara tambaya ko an biya shi haƙƙinsa.

Maganar lada ta fi shafar mu iyaye, domin 'ya'yanmu ne ke gudu a wasannin makarantu na FENASSCO, su ne kuma ke wakiltar jami'o'in Ngaundare da Marwa da ta Garwa da aka kafa a 2022. Babu mai cewa makarantunmu na da dukiyar jami'o'in Amurka. Amma ɗalibin da ya ɗauko wa makarantarsa lamba ya cancanci a ɗauke masa kuɗin rajista, a yi masa magani idan ya ji rauni, a kuma ba shi damar rama darasin da ya rasa. Ga masu neman ƙwallo ta zama sana'a, dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tsakanin shekara 12 zuwa 23. Wannan kaso ba ya zuwa sai idan yaron yana da lasisi a ƙungiya mai rajista, sunansa na cikin takarda. Dokar ta kuma hana kai yaro ƙasar waje don ƙwallo kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Saboda haka duk wanda ya zo wa uba da labarin zai kai ɗansa ɗan shekara 15 Turai idan aka sayar da fili ko shanu, a nemi takarda, a kai wa wanda ya san doka ya duba. Kuma kada a cire yaro daga aji saboda ƙwallo, domin gwiwa ɗaya ce tsakanin tauraro da mai zaman kashe wando.

Mu Hausawan wannan yanki ba mu da yawa, ba mu ke riƙe da hukumar wasanni ba, ba mu da kamfanin auduga. Abin da muka gada shi ne sanin yadda ake adana suna da yadda ake yi wa gwani kari tun yana fage. Dattawan da suka ga damben da a unguwanninmu, da waɗanda suka buga tamaula kafin 1986, suna nan da ransu, amma kullum raguwa suke yi. Kowa yana da waya a aljihu. A zauna da su a naɗi muryarsu, a ɗauki hoton tsofaffin hotunan da ke cikin akwatunansu, a rubuta sunan kowane mutum da shekara da ƙungiya. Idan kuma akwai tsohon ɗan wasa ko ɗan dambe a unguwarku da jiki ya ƙi, ziyara da ɗan abin sayen magani yau sun fi masa dogon jawabi ranar jana'iza. Wanda ya san wani gwani da aka manta, daga Garwa ko Gidar ko Marwa ko Ngaundare, ya kawo mana sunansa da abin da ya yi, mu fara jera su tun masu shaida suna raye.